Kafin ka tura kuɗin kwantenar inabi: yadda ake bi da dokokin lafiyar tsirrai daki-daki

Yawancin masu son fara shigo da ɗanyen inabi daga waje abinda suke fara tambaya shine nawa kwali, wace ƙasa tafi arha, kwana nawa jirgi zaiyi a ruwa. Tambayoyi ne masu kyau amma wallahi ba nan ake farawa ba. Inabi ba kamar tufafi ko kayan gini bane da in takarda ta samu matsala za'a ajiye su a tasha sati uku ana gyara, shi kaya ne mai rai, yana numfashi kuma kullum ƙara tsufa yake, sannan a idon hukuma ba abinci kaɗai bane, jaki ne da ƙwari da cutukan shuka suke hawa su tsallaka iyaka. Shi yasa nake ta nanata wa mutane cewa duk abinda zai sa a saki kayanka ko a ƙone su ana gama shi ne tun kafin jirgi ya tashi, in ya riga ya iso sai dai kallo.

Kuma ba ƙeta bace ta sa ƙasashe suka tsaurara. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro da ake kira filoksera, wanda da ƙyar ido yake ganinsa, ya shiga Turai daga Amurka a jikin dashen inabi, ya bi gonakin Faransa yana tsotse saiwa har ya kashe kaso mai yawa na inabin ƙasar, ba'a samu sa'ida ba sai da manoma suka koma yi wa inabinsu aure a kan saiwar na Amurka mai jure ƙwaron. Wannan bala'in ne ya sa ƙasashe suka zauna a birnin Ban na Suwizalan a 1878 suka ƙulla yarjejeniya a kan ƙwaron, daga irin wannan tushen aka zo ga yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951, wadda ake ce wa IPPC, tana ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashe sama da 180 suna ciki. Kaga kenan inabi ne ma asalin maganar gaba ɗaya, toh ba mamaki in an sa masa ido.

Matakin farko, ka nemi hukumar kare tsirrai ta ƙasar da zaka shigar da kayan. Ba kwastam ba, dan Allah a bambance, kwastam haraji da tantance kaya ne nasu, lafiyar shuka kuwa wata hukuma ce daban, galibi a ƙarƙashin ma'aikatar gona. A Amurka sunanta APHIS, a Peru SENASA, a Chile SAG, kowace ƙasa da tata. Tambaya ɗaya zaka kai musu kuma ka nemi amsa a rubuce: shin an buɗe ƙofar shigo da ɗanyen inabi daga ƙasa kaza? Domin izinin ba na inabi bane kawai, na inabin ƙasa kaza ne, wani lokacin ma na yanki kaza a cikin ƙasar. Za'a iya yarda da na Afirka ta Kudu a hana na maƙwabciyarta. In ƙofar bata buɗe ba sai anyi abinda ake kira nazarin haɗarin ƙwari, masana su zauna su lissafa duk ƙwaro da cutar da ke jikin inabin waccan ƙasar, su ga wanne babu shi a nan, wanne zai iya biyo ɗan itacen, in ya shigo zai iya zama ya hayayyafa ko sanyi ko zafi zai kashe shi. Wannan aiki ne tsakanin gwamnati da gwamnati kuma yana cin shekaru, ba abu bane da ɗan kasuwa zai tura da waya. In an ce maka a rufe take ka canza ƙasa kawai. Wasu ƙasashen sun sauƙaƙa, sun zuba sharuɗɗan a intanet, Ostireliya tana da rumbun da ake kira BICON, ka rubuta sunan kaya da ƙasar da zai fito sharuɗɗan su bayyana.

Mataki na biyu shine takardar izinin shigowa, kuma anan ne na fi ganin mutane suna yin riga malam masallaci, su biya rabin kuɗi a yi lodi sannan su tafi neman izini. A'a. Izini tukuna. A fom ɗin za'a nemi sunan kimiyya na inabi wato Vitis vinifera, da lambar kwastam ta ɗanyen inabi 0806.10, kar ka ruɗe da 0806.20 wannan ta busasshe ce, da ƙasar da aka noma shi, da yawan kaya, da tashar da zai shigo, ta ruwa ko ta sama. In izinin ya fito duba ranar ƙarewarsa, ka tabbata zai kai har ranar da jirgi zai iso harda ɗan rara saboda jinkiri, ka duba kuma na lodi ɗaya ne ko na lodi da yawa. Ba kowace ƙasa ke bada izini ɗaiɗai ba, Tarayyar Turai misali sharuɗɗanta a doka suke, tun 14 ga Disamba 2019 kusan duk ɗanyen ɗan itace sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, biyar kawai aka ware, abarba da ayaba da kwakwa da dabino da duriyan, inabi baya cikin waɗanda aka ware.

Abinda ke bayan takardar izinin shine zuciyar maganar, wato sharuɗɗa. Ka karanta su layi-layi, sannan ka tura wa mai sayar maka kwafi tun kafin ku ƙulla ciniki, ya kai wa hukumar ƙasarsa su ce eh zamu iya sa hannu a kan wannan. In basu iya ba ciniki bai ƙullu ba.

Toh wane ƙwari ake gudu ne? Yana da kyau ka sansu ko sama-sama, domin sune ke yanke irin maganin da za'a ce ayi. Na farko ƙudajen 'ya'yan itace, irinsu ƙudan Bahar Rum da ƙudan Kwinslan na Ostireliya da ƙudan gabas. Uwar tana huda fatar inabin ta zuba ƙwai a ciki, waje lafiya lau yana sheƙi ciki kuwa tsutsa na ci, wanki baya fitar da ita, dubawa da ido ma ba kullum yake kama ta ba. Akwai wani ƙaramin ƙuda mai ɗigo a fiffike, Drosophila suzukii, shi ba sai ɗan itace ya ruɓe ba, lafiyayye yake yankawa. Akwai malam buɗe littafin inabi na Turai, Lobesia botrana, tsutsarsa na saƙa yana a cikin dunƙulen tana cin 'ya'yan, an gano shi a Chile a 2008, sannan a kwarin Napa na Kalifoniya a 2009, sai 2016 Amurka ta sanar ta kawar da shi, lissafa shekarun da kuɗin da aka kashe. Sai farin ƙwaro mai kamar auduga da ke maƙalewa can cikin karan dunƙule, da ƙananan mitsitsin ƙwari irin jan ƙwaron Chile da ke ɓuya a gindin kara inda ɗan inabin ya haɗu da shi. Har gizo-gizo yana ciki, a 2001 Niyu Zilan ta dakatar da inabin Kalifoniya saboda baƙin gizo mai dafi da aka dinga samu a cikin kayan, shi ba shuka yake ci ba amma ɗan cin arziki ne da ya hau mota. Cutuka irin su cutar Piyas da ƙwayar Xylella ke kawowa sun fi bin ganye da reshe da ƙwarin da ke ɗauke da su, shi yasa zaka ga an rubuta cewa kar a samu ganye ko ƙasa ko ciyawa ko irin ciyawa a cikin kwali. Ganye ɗaya ba wasa bane a wajensu.

Mataki na uku zaɓen mai kaya. Manyan masu fitar da inabi irin su Peru, Chile, Afirka ta Kudu, Indiya, Masar, Italiya, Sin da Amurka duk suna da tsarin rajista, gona tana da lamba, gidan shirya kaya yana da lamba, ɗakin sanyi ma haka. Ka nemi lambobin nan ka tabbata suna cikin jerin da aka amince wa ƙasar da zaka kai, ba wata ƙasa ba. A Indiya akwai tsarin GrapeNet da ake bin diddigin inabi tun daga gona, musamman na yankin Nashik da ke zuwa Turai. Mai kayan da ya fara kame-kame in ka tambayi lambar gona, ni dai shawarata ka bar shi ko da ya fi kowa arha. Sannan a rubuta a yarjejeniya waye zai ɗauki asara in aka ƙi kaya saboda ƙwaro ko saboda kuskuren takarda, ka kuma karanta inshorarka da kyau domin da yawa basa biyan asarar da hukuma ta jawo da ƙin kaya sai in an saka wannan musamman.

Na huɗu magani, kuma nan zan ɗan daɗe. Wanda aka fi yi wa inabi shine maganin sanyi, saboda shi inabi yana son sanyi, ana ajiye shi tsakanin digiri ɗaya ƙasa da sifili zuwa sifili a ma'aunin Salshiyas ba tare da ya ƙanƙare ba saboda sukarin da ke cikinsa, tsutsar ƙuda kuwa bata jure wannan na tsawon kwanaki. Jadawalin Amurka na ƙudan Bahar Rum misali ne mai kyau: digiri 1.11 ko ƙasa na kwana 14, ko 1.67 na kwana 16, ko 2.22 na kwana 18. Akwai ƙwarin da suka fi taurin rai, kamar wata tsutsa ta kudancin Afirka da jadawalinta ya kai kwana 22 a digiri 0.55 ƙasa da sifili. Kar ka ɗauki waɗannan lambobin ka ce sune naka, naka suna cikin izininka, kowace ƙasa da jadawalinta.

Abinda mutane basu gane ba shine ba sanyin iskar kwantena ake aunawa ba, sanyin cikin tsokar inabin ne. Ranar lodi jami'i zai zo da bokitin niƙaƙƙiyar ƙanƙara da ruwa, ya tsoma alluran auna sanyi a ciki ya ga ko suna nuna sifili, ya rubuta ɗan bambancin kowacce, sannan a soke su a cikin 'ya'yan inabi a wurare daban-daban na kwantenar, galibi guda uku, har da wajen ƙofa inda sanyi ya fi wahalar kaiwa. Sai a rufe a buga sil, wato hatimin kulle ƙofar kwantena mai ɗauke da lamba, na'ura ta dinga rubuta sanyin awa bayan awa har a iso. Lissafin kwana baya farawa sai duka alluran sun sauka zuwa sanyin da aka ce. In a tsakiyar teku aka cire wa kwantena wuta wajen canza jirgi, allura ɗaya ta haura iyaka, a ƙa'idar ƙasashe da yawa lissafi ya koma farko, kwana goman da aka yi sun tafi a banza. Saboda haka abu biyu: ka tabbata an sanyaya kayan sosai tun a ɗakin sanyi kafin lodi, domin kwantena riƙe sanyi take ba saukar da zafi ba, sannan ka gwada kwanakin tafiya da kwanakin magani, in tafiyar kwana 12 ce magani kuma 16 toh dole a fara a ƙasa ko a ƙarasa a tasha, ka san wanne aka yarda tun yanzu. Kuma lokacin da kake kama gurbi a jirgi ka faɗa wa kamfanin ƙarara cewa kwantenar maganin sanyi kake so, ba kowace mai sanyi ce aka amince da ita ba.

Akwai turara kaya da iskar metil buromaid, an daɗe ana yi wa inabin Chile mai shiga Amurka. Tana kashe ƙwari amma tana illa ga lemar ozon ta sararin sama, yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ce ta kai ga taƙaita ta aka bar ƙofa don killace kaya, wato kashe ƙwarin da ake gudun su tsallaka iyaka, Tarayyar Turai kuma ta daina amfani da ita tun 2010. Ga ɗan kasuwa illarta shine sai an ɗan ɗumama inabin kafin a turara, wannan yana rage masa kwana, karan ya yi saurin bushewa ya koma ruwan ƙasa. Akwai haskawa da wani haske mai ratsa jiki, awo 150 na girei, wato ma'aunin yawan hasken da kaya ya sha, shine aka amince a duniya ga dangin ƙudajen nan, shi ba lallai ya kashe tsutsa nan take ba, hana ta girma da haihuwa yake. Sai kuma tsarin haɗa matakai, tarko a gona, duba kafin girbi, duba a gidan shiryawa, a haɗa su su maye gurbin magani ɗaya mai ƙarfi. Ba kai zaka zaɓa ba sai in izinin ya baka zaɓi.

Wani ruɗani da nake yawan ji: waccan takardar da ake shimfiɗawa a saman inabi a cikin leda mai fitar da iskar salfa, mutane su ce ai an sa magani. Wannan don hana furfurar ruɓa ce, tana kare kayanka daga lalacewa, bata da alaƙa da sharaɗin killace ƙwari. Haka ragowar maganin feshi a jikin inabi, wannan dokar lafiyar abinci ce, wata hukuma daban da gwajin ta daban. A 2010 inabin Indiya ya sha wahala a Turai saboda ragowar wani sinadari mai suna kulomekwat, ba don ƙwaro ba. Takardar lafiyar tsirrai bata wanke ka daga wannan, ka nemi sakamakon gwajin ɗakin bincike shi ma.

Na biyar ita kanta takardar shaidar lafiyar tsirrai, 'yan harkar suna ce mata faito. Hukumar ƙasar da kaya ya fito ce kaɗai ke bayarwa, ba kamfani ba, ba ejan ba. Roƙon da zan maka, ka ce a turo maka daftarinta kafin a buga hatimi, ka zauna da izininka a hannun hagu daftari a hannun dama. Sunanka da adireshinka daidai da na izini? Sunan kimiyya? Yawan kwali da nauyi sun yi daidai da takardar lodi da rasit? Lambar kwantena da lambar sil, harafi-harafi. Wajen magani an rubuta iri da sanyi da kwanaki? Sai gurbin ƙarin bayani, inda ake rubuta jimlar da ƙasarku ta buƙata, misali cewa an duba kayan an same su babu ƙwaro kaza da kaza, wannan jimlar a kwafe ta yadda take a izini, kar wani ya gyara ta da nasa fahimtar. Na taɓa ganin kwantena ta kwana biyar a tasha tana cin kuɗin wuta da kuɗin jinkiri saboda an juya lamba biyu a lambar sil, inabin lafiya lau ba ƙwaro ko ɗaya, mai kayan yana tsaye yana kallonta ta bayan waya ana jiran wata takardar ta zo daga can. Minti goma na karatu da ya hana wannan. Ka kula da kwanan wata ma, Tarayyar Turai bata karɓar takardar da aka bayar fiye da kwana 14 kafin kaya su bar ƙasarsu. Goge ko gyaran biro ba tare da hatimi da sa hannu ba yana kashe takarda. In kuma kayan sun sauka a wata ƙasa an raba su ko an sake musu kwali kafin su ƙaraso, sai an haɗa da takardar sake fitarwa daga waccan ƙasar tare da ta asali. Yanzu ƙasashe da yawa suna musayar takardar ta kwamfuta a tsarin ePhyto, ka tambaya ko naku na ciki, yana rage ɓatan takarda da jabu.

Katakon da aka ɗora kwalaye a kai shi ma da dokarsa, ƙa'ida mai lamba 15 ta IPPC. Dole a gasa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30 ko a turara shi, a buga masa tambari mai hoton zangarniya da harufan ƙasa da lambar wanda ya yi aikin da HT in gasa shi aka yi, ko MB in da metil buromaid aka turara shi. Ka ce a ɗauko maka hoton tambarin ranar lodi. Kowane kwali kuma ya ɗauki lambar gona da ta gidan shiryawa.

Na shida isowa. Ka sanar da hukuma kafin jirgi ya iso, a Turai ta tsarin intanet mai suna TRACES ake yi, wasu wuraren ejan ne ke kai takarda da hannu. Kar kowa ya taɓa sil sai jami'i yana wajen. Za'a fara da takardu, a sauke bayanan sanyi daga na'ura, sannan a ciro kwalaye daga wurare daban-daban a kai teburin dubawa mai farin fenti da fitila mai haske. Jami'in zai ɗaga dunƙule ya buɗa shi da yatsa ya leƙa cikin karan da madubin ƙara girma, ya karkaɗa shi a kan farar takarda ya ga me zai faɗo, ya yanka duk ɗan da ya ga tabo ko laushi, ya juye kwalin ya duba kusurwoyi da ƙasan leda. A Ostireliya sukan duba dunƙule 600, lissafin shine in rabin ɗaya cikin ɗari na kayan na da ƙwaro akwai tabbacin kashi 95 cikin ɗari za'a kama. Ka roƙa ayi duban a wuri mai sanyi kuma a maida kaya da wuri, inabin da ya yi gumi a waje ya koma sanyi shine ke fara furfura.

In an samu ƙwaro mai rai za'a kai shi ɗakin bincike a gane ko wanne ne, domin ba kowane ƙwaro ne na killacewa ba, wanda dama akwai shi a ƙasar kuma ba'a yaƙi da shi galibi baya hana sakin kaya. In ya tabbata na killacewa ne hanya uku ce, a yi magani in akwai wanda ya dace, a maida kaya ko a kai wata ƙasar da zata karɓa, ko a lalata su, kuma duk kuɗin a wuyan mai shigowa yake. Ka nemi a baka hukuncin a rubuce da sunan ƙwaron, da shi zaka bi mai sayarwa da inshora. Hukumar zata kuma aika wa ƙasar da kayan suka fito sanarwar saɓa ƙa'ida, in abin ya maimaitu ana iya dakatar da gonar ko ƙasar gaba ɗaya, shi yasa ƙoƙarin bi ta bayan fage ba kai kaɗai yake cutarwa ba, yana iya rufe ƙofa ga kowa, ga kuma manoman da ƙwaron zai faɗa wa gonaki in ya kuɓuce.

In an saki kaya ka adana izini da faito da bayanan sanyi da takardar saki a fayil ɗaya na kowace kwantena, lodi na gaba dasu zaka yi aiki. Ruɓaɓɓun da aka tsince da karare da ledoji kar a watsar a bayan sito ko kusa da lambu, a ƙulle su a leda mai kauri a binne da zurfi ko a ƙone yadda hukuma ta ce. Kuma izinin da aka baka na ci ne, ba na shuka ba, wanda yake son dashe ko reshen inabi daga waje wannan wani izini ne daban mai tsauri sosai, galibi sai an killace dashen an yi masa gwajin cuta na dogon lokaci kafin a bari ya taɓa ƙasa.